Shari'ar Torbanehill: Dutsen da Kotu Ta Kira Kwal da Tafkin da Ya Haife Shi

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 1853 aka buɗe wata shari'a a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan. Tambayar da ke gaban kotun ɗaya ce tak, kuma gajera: wannan baƙin dutse da ake haƙowa a kusa da garin Bathgate, kwal ne ko ba kwal ba ne? Aka shafe kusan mako guda ana sauraron shaidu, galibinsu manyan malaman jami'a da masanan da ake ji da su a Birtaniya ta wancan zamani. Masana duwatsu suka zo, masana tsirrai suka zo, masana sinadarai suka zo, kowa ya yi rantsuwa, amma suka rabu gida biyu. Wasu suka ce kwal ne ba shakka, wasu suka ce ko kusa.

Kotu ta yanke hukuncinta a cikin kwanaki. Amsar tambayar ta haƙiƙa kuwa sai da ta ɗauki shekara 83 kafin ta tabbata, kuma ta fito ne daga wajen da babu wanda ya duba a zauren kotun, wato ƙasan wani ɗan tafki da ya ƙafe shekaru sama da miliyan 300 da suka wuce. Tarihin wannan gardama shi ne tarihin yadda aka gano cewa kalmar kwal tana rufe abu biyu masu asali daban: wanda daji ya bari da wanda tafki ya bari. A cikin wannan bambanci ne masana'antar tace mai ta fara tsayawa da ƙafarta, tun kafin a haƙa rijiyar mai ta farko a Amurka.

Mai ƙasa da mai haya

Torbanehill sunan wata gona ce ta iyalin Gillespie a yammacin Edinbura. A shekarar 1850 suka ba kamfanin James Russel da ɗansa hayar ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasarsu. Takardar yarjejeniya ta jero abubuwan da aka yarje a haƙa da sunayensu: kwal, dutsen ƙarfe, farar ƙasa, da yumɓun da ake yin tubalin murhu da shi. An yanka abin da za a riƙa biyan mai ƙasa a kan kowane tan bisa farashin kwal na yau da kullum.

Abin da masu haya suka yi ta fitarwa daga ramin ya sha bamban da kwal ɗin da mutane suka saba zubawa a murhu. Ba ya sheƙi, launinsa tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, ba shi da nauyi, ga shi da tauri kamar ƙaho, ba ya farfashewa da sauƙi. Idan aka kankare shi, garinsa ruwan ƙasa ne. Idan aka kusantar da guntunsa ga wuta sai ya kama nan take, ya yi ta ci da dogon harshe mai hayaƙi, ya bar toka mai yawa. Kamfanonin da ke samar da iskar gas ta haskaka tituna suka yi rububinsa, domin gas ɗinsa ya fi na sauran haske nesa ba kusa ba. Farashinsa ya ninka na kwal.

Da iyalin Gillespie suka ga irin dukiyar da ke fita daga ƙarƙashinsu a kan ɗan abin da ake ba su, sai suka gane cewa kaza ce ta kwana a kan dami. Suka garzaya kotu suna neman diyyar fam 10,000. Hujjarsu ita ce, abin da ake haƙowa wani sabon ma'adini ne da ba ya cikin jerin da aka rubuta, saboda haka masu haya ba su da ikon taɓa shi. Har sunan dutsen ya zama makami. Masu haya suna kiransa kwal ɗin Boghead, da sunan maƙwabciyar gonar da su ma ake haƙarsa a cikinta. Masu ƙasa kuwa ba sa yarda kalmar kwal ta fito daga bakinsu, sai dai su ce ma'adinin Torbanehill. Daga wannan suna na biyu ne aka samo sunan da masana ke kiran irinsa a yau, tobanait.

Mutumin da ba ya cikin ƙara

Akwai wani mutum da ba shi ne mai ƙara ba, ba kuma shi ake ƙara ba, amma arzikinsa duka yana rataye da hukuncin. Sunansa James Young, ɗan wani kafinta, haifaffen Gilasgo a shekarar 1811. Ya koyi ilimin sinadarai a ajin dare a hannun Thomas Graham, a kwalejin da ya haɗu da David Livingstone, wanda daga baya Young ya riƙa taimaka wa da kuɗi a tafiye-tafiyensa na Afirka.

A shekarar 1847 aka ba Young labarin wani mai da ke tsattsafowa a cikin ramin kwal a Alfreton, cikin gundumar Derbyshire ta Ingila. Ya fara tace shi yana fitar da man fitila da man sanya wa injina. Ba a daɗe ba man ya fara janyewa. Young ya ɗauka cewa zafin cikin ƙasa ne ke dafa kwal ɗin da ke wurin har ya zama mai. Wannan zato kuskure ne game da man Alfreton, amma ya kai shi ga dabara mai amfani: idan ƙasa na iya dafa kwal ta fitar da mai, me zai hana mutum ya yi haka a tukunyar ƙarfe?

Masu yin gas sun daɗe suna gasa kwal, sai dai da wuta mai tsanani, wadda ke ragargaza komai ya koma iska. Young ya rage wutar. Ya riƙa ɗumama dutsen sannu a hankali a cikin rufaffiyar tukunya, da zafin da bai wuce ƙarfe ya fara yin ja-ja ba, yana sanyaya tururin da ke fita har ya zama ruwa. Ya gwada kwal iri-iri, babu wanda ya kama ƙafar na Boghead: tan guda yana ba da ɗanyen mai fiye da galan 100. A watan Oktoba na 1850 ya karɓi takardar mallakar wannan fasaha, kuma a 1851 shi da abokan cinikinsa Edward Binney da Edward Meldrum suka buɗe masana'anta a Bathgate, wadda marubuta tarihi da yawa ke ɗauka ita ce matatar mai ta kasuwanci ta farko a duniya. Tana fitar da man injina, da man fitila, daga baya da kakin kyandir.

Matsalar tana cikin kalmomin takardar. Young ya yi rajistar fitar da mai daga kwal. Da kotu za ta ce dutsen Torbanehill ba kwal ba ne, da takardarsa ba ta rufe shi ba, kowa na iya kafa tukunyarsa ya dafa shi ba tare da ya biya Young ko sisi ba.

Abin da aka ji a kotu

Kowane ɓangare yana da hujja ta gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu cewa kwal ne suka nuna inda dutsen yake kwance: a tsakanin shimfiɗun duwatsun da kwal ɗin yankin ke ciki, a shimfiɗe kamar sauran. Yana ci da wuta, ana sayar da shi a matsayin makamashi, masu yin gas suna saye. Suka ƙara da cewa an daɗe da sanin wani nau'in kwal marar sheƙi mai dogon harshen wuta, wanda Ingilishi suka laƙaba wa sunan kyandir, mutanen Sikotlan kuma suke kiransa kwal ɗin aku saboda ƙarar da yake yi a wuta. A ganinsu, na Boghead ɗan gidan ne, ya dai fi 'yan'uwansa maiƙo.

Masu cewa ba kwal ba ne suka tsaya a kan abin da dutsen ya ƙunsa. Tokarsa ta yi yawa. Idan an gasa shi ba ya barin gawayi mai amfani kamar yadda kwal ke bari. Sai kuma babbar hujjarsu, wadda ta fito daga madubin ƙara girma. Idan aka yanki kwal aka goge shi har ya yi siriri haske na ratsa shi, akan ga alamun itace a ciki. Shi wannan kuwa, abin da ake gani wasu ƙananan dunƙule-dunƙule ne rawaya masu ɗaukar haske, cunkushe a cikin baƙar ƙasa. John Quekett, ɗaya daga cikin gwanayen aiki da madubi a Landan, yana cikin waɗanda suka ce wannan ba ƙirar kwal ba ce. John Hutton Balfour, farfesan ilimin tsirrai a Edinbura, yana cikin waɗanda suka ce tsiro ne asalinsa, don haka kwal ne. Dukansu sun ga rawayen dunƙulen. Babu wanda ya san mene ne su.

Alƙalin da ya jagoranci zaman, Duncan McNeill, ya ga cewa masana ba su da ma'anar kwal guda ɗaya da suka haɗu a kanta. Sai ya ja hankalin masu taya shi yanke hukunci zuwa wani wuri: aikinsu shi ne su duba abin da mutanen da ke cinikin ma'adinai suke nufi da kalmar a maganarsu ta yau da kullum lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar. Ba su daɗe suna shawara ba suka dawo suka ce kwal ne. Iyalin Gillespie suka faɗi, takardar Young ta tsira.

Shekara guda kafin haka an yi irin wannan shari'a a New Brunswick ta ƙasar Kanada, a kan wani baƙin ma'adini mai sheƙi da ake kira albatait. Abraham Gesner, likita kuma masanin duwatsu, ya ce daskararriyar kwalta ce, abokan hamayyarsa masu izinin haƙar kwal suka ce kwal ne, kotu ta ba su gaskiya. Bincike na baya ya nuna Gesner ne ke da gaskiya: mai ne da ya tsattsafo daga duwatsun wani tsohon tafki ya daskare a cikin tsagar dutse. Gesner ɗin nan shi ya ƙirƙiro sunan man fitila wanda ya iso bakin Bahaushe ya zama kananzir.

Abin da daji ke bari da abin da tafki ke bari

Don a fahimci abin da ya rikita shaidun, sai an koma zamanin da duwatsun suka samu. Shekaru miliyan 310 zuwa 320 da suka wuce, ƙasar da ta zama Sikotlan tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, cikin zafi da ruwan sama. Tsakiyarta shimfiɗaɗɗiyar fadama ce mai cike da dogayen itatuwa waɗanda danginsu na yau ƙananan tsirrai ne masu rarrafe a ƙasa. Itace ya faɗi cikin ruwa mai tsami, marar isasshiyar iska, ya kasa ruɓewa gaba ɗaya. Wani ya tsiro a kansa, shi ma ya faɗi. Haka gangar itace da ɓawo da saiwa da ganye suka yi ta taruwa a inda suka tsiro, har suka yi kauri. Ƙasa tana lotsawa a hankali, koguna suka kawo yashi da laka suka binne tarin, nauyi da zafi suka matse shi tsawon miliyoyin shekaru. Wannan shi ne kwal na daji, mai layi-layi da sheƙi. Shi ne mafi yawan kwal ɗin duniya, kuma irinsa ne aka gano a tsaunukan Udi kusa da Inugu a 1909, ko da yake na can ya fi na Sikotlan ƙuruciya ƙwarai.

Amma fadama ba daji ba ce duka. A tsakiyarta akwai buɗaɗɗun wurare inda ruwa ya yi zurfin da itace ba ya iya tsayawa. Abin da ke sauka ƙasan irin wannan tafki daban ne. Ciyayin da ke kewaye da shi suna tace ruwan da ke shigowa, suna tare yashi da yawancin laka da manyan guntayen itace a bakin gaɓa. Abin da ke kaiwa tsakiya sai mai sauƙi: ƙurar iri da iska ke kaɗowa daga itatuwa, da gawar ƙananan halittun da ke rayuwa a cikin ruwan kansa. Waɗannan suna sauka a hankali, shekara bayan shekara, su zama lallausan taɓo mai santsi. Masanin Jamus Henry Potonié ya yi nazarin irin wannan taɓo a tafkunan zamaninsa a farkon ƙarni na 20, ya yaɗa sunan da ake kiransa da shi, safurofel, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruɓaɓɓiyar laka.

Idan ƙurar iri ce ta fi yawa a taɓon, bayan an binne shi yakan zama kwal ɗin kyandir. Idan ƙananan tsirran ruwa ne suka rinjaya, yakan zama tobanait. Idan kuma laka ta shigo da yawa ta gauraye da su, yakan zama dutsen laka mai mai. Wannan ya bayyana abubuwan da aka yi ta musu a kansu a kotu. Dutsen Torbanehill yana kwance cikin shimfiɗun kwal domin tafkinsa a cikin fadamar yake. Ba shi da layi-layin itace domin itace bai kai tsakiyar ruwan ba. Tokarsa ita ce lallausar lakar da ta tsallake tacewa. Kuma shimfiɗarsa siririya ce, ba ta kai mita ɗaya ba, tana ƙarewa bayan 'yar tazara, domin iyakar dutsen ita ce iyakar tafkin.

Rawayen dunƙulen

Gano abin da rawayen dunƙulen suke ya ɗauki tsawon rayuwar mutum. Wasu sun ce ƙaro ne na itatuwa, wasu sun ce ɗigon kwalta ne, wasu sun ce ƙurar iri ce. A farkon shekarun 1890 wasu Faransawa biyu, Charles Eugène Bertrand da Bernard Renault, suka duba irin wannan dutse daga Autun ta Faransa da kuma New South Wales ta Ostireliya. Suka ga cewa kowane dunƙule yana da ƙananan ɗakuna jere daga tsakiya zuwa baki, suka ce gungu ne na ƙananan tsirran ruwa dangin gansakuka. Suka raɗa wa na Autun suna Pila, na Ostireliya kuma Reinschia.

Masana da yawa ba su gamsu ba, kuma shakkarsu tana da tushe. Gansakuka abu ne mai taushi, yana ruɓewa cikin kwanaki. Ta yaya za ta jure binnewa ta miliyoyin shekaru har siffarta ta rage? Edward Jeffrey na Jami'ar Harvard ya dage a kan cewa ƙurar iri ce, wadda kowa ya san ɓawonta yana da ƙarko.

Amsar ta zo daga tafkuna masu rai. A yankin Coorong na kudancin Ostireliya, mutane sun daɗe suna tsintar wani baƙin abu mai kama da roba a bakin tafkuna bayan ambaliya ta janye, yana ci da wuta, har wasu suka ɗauka alamar man fetur ce suka haƙa rijiyoyi a banza. A tafkin Balkhash na Kazakistan ma ana samun irinsa. Masanin Rasha Mikhail Zalessky ya nuna cewa na Balkhash busasshen tarin wata gansakuka ce. Reinhardt Thiessen na hukumar ma'adinai ta Amurka ya kwatanta na Coorong da kwal ɗin Boghead a 1925 ya ga ƙira ɗaya ce. Sai a 1936 Kathleen Blackburn, masaniyar tsirrai, da B. N. Temperley, masanin duwatsu, suka haɗa aikinsu suka buga shi a mujallar ƙungiyar masana ta Edinbura, birnin da aka yi shari'ar. Ita ta bi rayayyen tsiron daki-daki, shi ya bi na cikin dutse, suka nuna cewa abu ɗaya ne: Botryococcus braunii.

Abin mamaki, wannan tsiro ba baƙo ba ne ga ilimi. Masanin Jamus Friedrich Kützing ya bayyana shi ya ba shi suna tun 1849, shekara huɗu kafin shari'ar. Yana rayuwa a tafkuna da kududdufai a nahiyoyi daban-daban har yau. Ƙwayoyinsa suna zama gungu-gungu kamar nonon inabi, wanda daga nan sunansa ya samo asali, kowace ƙwaya a cikin ɗan ƙoƙonta, ƙoƙunan kuma jiƙe da mai. Man ne ke sa gungun ya taso saman ruwa, inda haske yake.

Sirrin yana cikin haidirojin

Sanin sunan tsiron bai amsa tambayar Jeffrey ba, bai kuma bayyana dalilin da tukunyar Young ke cika da mai ba. Wannan aikin masana sinadarai ne, kuma sun yi shi ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Kwal da mai duka ginin kabon da haidirojin ne. Bambancinsu yana cikin yawan haidirojin da kuma yadda ƙwayoyin zarra suka jeru. Abin da ke ba itace tauri shi ne lignin, wanda ƙwayoyin kabon ɗinsa ke ɗaure cikin zobba masu kusurwa shida, da oksijin mai yawa a tsakaninsu. Idan aka binne shi ya ɗumama, yana zubar da ruwa da iskar kabon da gas, zobban suna matsowa suna mannewa da juna. Ƙarshensa dunƙulen kabon ne mai ƙarancin haidirojin. In ka gasa shi, za ka sami gas da kwalta kaɗan da gawayi mai yawa.

Shi kuwa Botryococcus dogayen sarƙoƙi yake ƙerawa, kabon bayan kabon a miƙe, kusan kowane ɗaya riƙe da haidirojin biyu. Wasu sarƙoƙin a sake suke, su ne man da ke cikin gungun, wanda a wasu lokuta yakan haura rabin nauyin busasshen tsiron. Wasu kuma an ɗinke su da juna sun zama bangon ƙoƙunan, wani abu mai kama da roba da ba ya narkewa a ruwa, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da matattun abubuwa ba sa iya cinsa da sauƙi. Masu bincike a Paris, cikinsu har da Claude Largeau, suka ware wannan bango a shekarun 1980 suka nuna cewa shi ne abin da ke cikin tobanait. Daga baya aka ba irinsa suna algaenan. A nan amsar Jeffrey take. Sukari da furotin na jikin tsiron suna ruɓewa kamar yadda ya zata, bangon ne kaɗai ke saura, yana taruwa a ƙasan tafki da siffarsa.

Masanin Holan Dirk van Krevelen ya fito da wata hanya mai sauƙi a 1950 ta jera kwal iri-iri bisa yawan haidirojin da oksijin da ke cikinsu idan aka auna da kabon. A kan wannan ma'auni, kwal na daji yana da haidirojin kamar 8 a kan kowane kabon 10. Tobanait yana da kamar 15 ko fiye. Kusan ninki biyu ke nan. Lokacin da Young ya ɗumama dutsen a hankali, abin da yake yi shi ne tsinka dogayen sarƙoƙin zuwa gajeru. Masu kabon 10 zuwa 16 su ne man fitila. Waɗanda suka haura 20 su ne kakin kyandir. Da ya ƙara wuta, da sun tsinke har sun zama gas, kamar yadda ke faruwa a masana'antar hasken tituna. Bai san tsiron ba, bai san sarƙoƙin ba, amma gwaji ya kai shi daidai zafin da ya dace.

Abin da tukunya ke yi cikin sa'o'i, ƙasa tana yinsa cikin miliyoyin shekaru idan ta binne taɓon tafki da zurfi. An sami shaidar haka a 1980, lokacin da Michael Moldowan da Wolfgang Seifert suka gano a cikin ɗanyen man tsibirin Sumatra na Indunusiya wani sinadari mai kabon 34 wanda ƙirarsa ta Botryococcus ce. Tsiron ya bar sa hannunsa a cikin man.

Bayan dutsen ya ƙare

Tafkin Torbanehill ƙarami ne, kuma a cikin shekara goma sha biyu aka kusa kwashe shi. An yi ta lodinsa a jiragen ruwa har zuwa Amurka, inda masana'antun man fitila ke dafa shi suna biyan Young kuɗin fasaharsa, kafin rijiyar Edwin Drake a Titusville ta Pennsylvania ta fito da mai a 1859 ta karya kasuwarsu. Wajen 1862 dutsen ya ƙare. Masu tace mai a Sikotlan suka koma ga dutsen laka mai mai na yankin, wanda shi ma ajiyar wani tafki ne da ya fi girma ya kuma fi tsufa. Man da yake bayarwa bai kai sulusin na tobanait ba, amma yana da yawa, kuma masana'antar ta rayu a kansa har 1962. Jajayen tsaunukan tokar da ta bari suna nan a West Lothian. Don bayyana abin da ke cikin wannan dutse ne farfesa Alexander Crum Brown na Edinbura ya ƙirƙiro kalmar kerojin, wadda duk mai neman mai a duniya ke amfani da ita a yau.

Darasin tafki ya wuce Sikotlan. An daɗe ana ɗauka cewa babban arzikin mai sai a inda tsohon teku ya kwanta. Gano filin Daqing a ƙasar Sin a 1959, wanda mansa ya fito daga taɓon wani katafaren tsohon tafki, ya raunana wannan zato. A Afirka ma haka abin yake. Lokacin da nahiyar ke rabuwa da Kudancin Amurka sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage a tsakiyarta, tsagogin suka cika da tafkuna masu zurfi. Man Doba na kudancin Chadi, wanda aka fara turawa ta bututu zuwa Kribi ta Kamaru a 2003, da man kwarin Muglad da ke tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu, daga taɓon waɗannan tafkuna suka dahu. Yawan kakin da ke sa man Muglad yin kauri idan ya huce gadon dogayen sarƙoƙin nan ne.

To, wa ke da gaskiya a 1853? A rabe-raben masana na yau, tobanait yana zaune a kan iyaka: littattafan kwal suna lissafa shi cikin kwal na taɓon tafki, littattafan mai suna lissafa shi cikin duwatsu masu mai. Balfour ya yi daidai da ya ce tsiro ne, Quekett ya yi daidai da ya ce ba ƙirar itace ba ce. Alƙali McNeill bai yi kuskure ba da ya koma ga harshen 'yan kasuwa, domin shi ne harshen da aka rubuta yarjejeniyar da shi. Sai dai harshen kasuwa yana raɗa wa abu suna ne bisa kamanninsa da amfaninsa na jiya, kuma kama da wane ba ta wane. Iyalin Gillespie sun sa hannu a kan kalma ɗaya mai harufa kaɗan, suna tunanin makamashin murhu, alhali abin da ke ƙarƙashin gonarsu ɗanyen mai ne a daskare. Duk mai rubuta yarjejeniyar haƙar ma'adinai, ko lauya ne ko jami'in gwamnati ko wakilin al'umma, yana fuskantar abin da suka fuskanta: yana sayar da abin da ke cikin ƙasa da sunan da aka san shi da shi a ranar, kafin a auna abin da ya ƙunsa.